Wai jama'ar Nilul Azraƙ a Sudan raguwa suka yi tun daga ƙidayar 1956?

Bamaiwurne77:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wani jadawali da ke yawo a WhatsApp kwanakin nan. An jera alkaluma biyu: Nilul Azraƙ a 1956 mutum miliyan 2 da 'yan kai, Nilul Azraƙ a 2008 mutum 832,000. Wanda ya haɗa shi ya rubuta a ƙasa wai ga hujja an rage mu da gangan. Ina roƙon waɗanda suka san aikin ta'adad, wato ƙidayar jama'a, su warware mana. Alkaluman nan gaskiya ne? Sannan in mutum yana son ya bi yadda garuruwanmu irin su Mai Wurno da Gadarif suka girma daga ƙidaya zuwa ƙidaya, ta ina zai fara? Kuma akwai ƙidayar da ta taɓa faɗin yawan Hausawa a Sudan?

Ustaz_Sinja:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Alkaluman biyu duk gaskiya ne, kwatanta su ne bai halatta ba. A 1956 mudiriyoyi (larduna) tara ne a ƙasar nan: Khartum, Nilul Azraƙ, Kasala, Shimaliyya, Kurdufan, Darfur, da ukun kudu. Mudiriyar Nilul Azraƙ ta wancan lokaci hedkwatarta Wad Madani ce, kuma Jazira da Sinnar da Kosti da Duwaim duk suna cikinta. Wilayar (jihar) Nilul Azraƙ ta yau, mai hedkwata a Damazin, yanki ɗaya ne kawai da aka yanko, musamman bayan rabon wilayoyi 26 na 1994.

In ana son kwatance na gaskiya sai a haɗa wilayoyi huɗu na 2008: Jazira miliyan 3.58, Nilul Abyad miliyan 1.73, Sinnar miliyan 1.29, Nilul Azraƙ 832,000. Jimla miliyan 7.4 ke nan, daga miliyan 2.07. Sun ninka sau uku da rabi da ɗoriya cikin shekara 52. Ƙasar baki ɗaya ta tashi daga miliyan 10.26 zuwa miliyan 39.15, wato kusan ninki huɗu. Babu raguwa a nan.

Ummu_Safiyya:
Allah ya saka da alheri Ustaz. A tura wannan amsa zuwa inda jadawalin ya fito.

DanGadarif:
Haka abin yake a gabas ma. Mudiriyar Kasala ta 1956, mai mutum wajen 941,000, ita ce yau Kasala da Gadarif da Bahrul Ahmar. Duk wanda ya ɗauki sunan da ke saman shafi bai duba taswira ba, zai yi ta fitar da abin mamaki.

Ga tambaya ta biyu, ga alkaluman garin Gadarif a taƙaice: 1973 wajen 66,000, 1983 wajen 117,000, 1993 wajen 191,000, 2008 wajen 269,000. Yadda ake fitar da saurin ƙaruwa: ka raba sabon adadi da tsohon, ka danna maɓallin ln a kalkuleta, ka raba da yawan shekarun da ke tsakani, ka ninka da 100. Daga 1973 zuwa 1983 zai ba ka kashi 5.7 a shekara. Daga 1983 zuwa 1993 kashi 4.9. Daga 1993 zuwa 2008 kashi 2.3 kacal. In kana son sanin shekarun da jama'a za su ninka, ka raba 70 da wannan kason: a kashi 5.7 gari na ninkawa cikin shekara 12, a kashi 2.3 sai shekara 30.

Haihuwa ita kaɗai da wuya ta wuce kashi 3 a shekara. Duk abin da ya haura haka, ko baƙi ne suka shigo, ko an faɗaɗa iyakar gari ta haɗiye hilloli (ƙauyuka) na gefe, ko ƙidayar farko ta bar mutane. Na Gadarif sanadinsa a fili yake: noman tarakta na dawa da riɗi da aka soma a Gadambaliya tun tsakiyar shekarun 1940, da 'yan ƙodago da yake jawowa, da kuma 'yan gudun hijirar Iritiriya da Habasha daga 1967 zuwa gaba.

Baffa_Kasala:
Ɗana DanGadarif, lissafinka daidai ne, amma ka gargaɗi mutane kada su ɗauki ƙidayoyin nan biyar a matsayin awo da mudu ɗaya. Kowace da irin mudunta.

Ta 1955/56 ba gida-gida aka bi ƙasar duka ba. Garuruwa 68 ne aka ƙirga kowa da kowa. A karkara samfuri aka ɗauka: a cikin kowace omodiya (ƙasar da ke ƙarƙashin omda, mai kamar hakimi) a zaɓi wasu shehunan hilla (masu ƙauye), a ƙirga mutanensu sosai, a gwada da jerin masu biyan haraji da ke hannun omda, sannan a ninka a fitar da adadin omodiyar duka. Aikin ya ɗauki fiye da shekara, kuma an rubuta mutum ne a inda yake zaune asali, ba inda aka same shi ba. Saboda haka in garinka ba ya cikin 68 ɗin nan, adadin da za ka gani na omodiya ne, kuma ƙiyasi ne. Illar wannan hanya ga mutanenmu ita ce: wanda bai shiga littafin wani shehu ba, kamar mahajjacin da ya yada zango yana ƙodago shekara biyu kafin ya wuce tashar jirgin ruwa ta Sawakin, ko mai cirar auduga da ke kwana a bakin hawasha (gonar rani ta Jazira), sauƙin ɓacewarsa ya fi na kowa.

Ta 2008 kuwa akasin haka ce. Daren 21 wayewar 22 ga Afrilu shi ne daren ƙidaya, inda ka kwana nan aka rubuta ka, aka yi mako biyu ana bi har 6 ga Mayu. Afrilu tsakiyar bazara ce, an gama yankan riɗi da girbin dawa tuntuni, 'yan ƙodago sun watse. Da a Nuwamba aka yi ta, da mahalliyoyin (ƙananan hukumomin) Gadarif sun nuna wani adadi daban.

Bamaiwurne77:
Baffa, to ita ta 1973 fa? Na ji ana cewa an sake gyara ta.

Baffa_Kasala:
An gyara. An yi ta ne a Afrilun 1973, shekara guda bayan sulhun Addis Ababa da ya tsayar da yaƙin kudu na farko. Sakamakon farko ya fito wajen miliyan 12.3, ƙasa sosai da abin da ake zato. Da aka bincika sai aka ga an tsallake makiyaya da yawa, kudu ba ta ƙirgu sosai ba, kuma an bar kanabi, wato zangunan ma'aikatan gona (ɗaya kambo), a wasu sassan Jazira. Bayan gyara aka tsaya a miliyan 14.1. Ku lura da kanabin nan, don su wa ke cikinsu in ban da mutanenmu da mutanen Darfur? Kambo ba hilla ba ce a takarda. Taswirar da ake ba mai ƙidaya daga jerin hilloli masu rajista ake zana ta, kambo kuwa yana bakin magudanar ruwa ba suna ba lamba. Wanda zai bi tarihin jama'ar Jazira da Managil dole ya tambayi kowace ƙidaya ko ta sa kanabi ko ba ta sa ba.

Malama_Hauwa_Madani:
Ina goyon bayan Baffa, kuma zan ƙara abin da ke faruwa a cikin gida bayan mai ƙidaya ya iso ƙofa, don nan ma ana asarar mutane.

In mai ƙidaya namiji ne, ba ya shiga gidan kulle, maigida ne ke ba da amsa a zaure. Waɗanda aka fi mantawa: jariri da ba a yi sunansa ba, 'yar riƙo, tsohuwa da ke ɗakin baya, da yaron da aka kai khalwa (makarantar allo). Yaron khalwa ko dai a rubuta shi sau biyu, a gida da wurin malam, ko kowa ya ɗauka ɗayan ya rubuta. Mai mata biyu a gidaje biyu shi ma sau da yawa sau biyu yake shiga. Ƙa'idar ita ce usra (iyali) ɗaya su ne masu ci daga tukunya ɗaya, amma gidan gandu mai sassa biyar kowane mai ƙidaya da yadda yake yanka shi, shi ya sa matsakaicin girman usra ke tsalle tsakanin unguwanni biyu masu maƙwabtaka.

Sai tambayar da ake yi wa mace: 'ya'ya nawa kika haifa, nawa ke raye? A wurinmu da wurin Fulani akwai kunyar ɗan fari, mace ba ta ambaton sa, wata ma ba ta sa shi a lissafi. Waɗanda suka rasu suna jarirai kuwa ba a son tuno su. Daga waɗannan amsoshi ake fitar da ƙiyasin haihuwa da mutuwar yara, don haka duk biyun kan fito ƙasa da gaskiya.

Hanyar gane wannan a jadawali ba ta da wuya. Ka duba yara 'yan ƙasa da shekara 1 ka gwada da 'yan shekara 1, 2, 3. A al'ummar da ke ƙaruwa na farkon ya kamata su fi yawa. In sun fi kaɗan, an bar jarirai. Ka kuma gwada yawan maza da na mata a kowane rukunin shekaru. A haihuwa maza kan kai wajen 105 ga mata 100. In ka ga samari 'yan 18 zuwa 25 sun faɗi warwas a ƙidayar 1993, kada ka yi saurin cewa ci-rani suka tafi, lokacin ana kamen bautar ƙasa ta dole, iyaye ba sa son rubuta sunan saurayi a takardar hukuma.

Abu_Muhannad:
Malama, batun shekaru ma ai wani tashin hankali ne. Rabin dattawanmu 1 ga Janairu aka haife su a takarda, albarkacin shahadar tasnin, takardar ƙiyasin shekaru.

Malama_Hauwa_Madani:
Shi ya sa masu ƙidayar 1956 ba su wahalar da kansu da tambayar shekaru ɗai-ɗai ba. Rukuni suka yi: ƙasa da shekara 1, ƙasa da 5, daga 5 zuwa balaga, wanda ya balaga, sai matan da suka wuce haihuwa. Daga baya ne aka koma tambayar shekara, mutane kuma suka riƙa taruwa a kan 30, 35, 40, 50. Akwai ma'aunin Whipple na gwada wannan: ka ɗauki 'yan 23 zuwa 62, ka tara waɗanda shekarunsu suka ƙare da 0 ko 5, ka raba da kashi ɗaya cikin biyar na jimlar, ka ninka da 100. In ya ba ka 100 babu cunkoso. In ya haura 175, kada ka gina komai a kan shekara ɗai-ɗai, ka haɗa su biyar-biyar ko goma-goma.

Ganis_Rusairis:
Duk na ji, amma kun kauce wa tambaya ta uku, kuma ita ce ta dame mu. Mu nawa ne? Wasu na cewa miliyan 3, wasu miliyan 10. Lokacin fitinar ƙabilanci ta Nilul Azraƙ a 2022 kowa da adadin da yake jefawa a Facebook.

Ustaz_Sinja:
Yaya Ganis, amsar ba mai daɗi ba ce: babu ƙidayar da ta ba da adadin Hausawan Sudan na yau. Ta 1955/56 ita kaɗai ce aka buga mata jadawalin ƙabila da harshe na ƙasa baki ɗaya. A nan ne aka samu cewa wajen kashi 39 cikin 100 sun kira kansu Larabawa, wajen kashi 51 kuma Larabci ne harshensu na gida. 'Yan asalin Afirka ta Yamma an sa su wajen kashi 6, kimanin mutum 600,000, amma wannan ya haɗa Fulani da Hausawa da Barebari da sauransu. Ta 2008 an cire tambayar ƙabila da ta addini gaba ɗaya, abin da aka tambaya shi ne ɗan arewa ne kai, ko ɗan kudu, ko ba ɗan Sudan ba. Gwamnatin kudu ta yi ta rigima a kan cire su, har aka jinkirta farawa da mako guda.

In mutum ya matsa sai ya yi lissafi, ga iyakar abin da za a iya. Arewa kaɗai a 1956 wajen miliyan 7.5 ce, don haka 600,000 kashi 8 ne nata. Arewa a 2008 miliyan 30.9 ce, bayan an cire miliyan 8.26 na kudu. Kashi 8 na wannan wajen miliyan 2.5 ne, na dukan ƙabilun yamma a haɗe, a 2008. Lissafi ne na kan takarda, ba ƙidaya ba.

Baffa_Kasala:
Ustaz, ni ban yarda a ɗora komai a kan 600,000 ɗin nan ba, ƙasa take da gaskiya. Ka tuna dokar jinsiya, wato ta zama ɗan ƙasa. Ta 1948 da ta 1957 duk sun ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disambar 1897. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 suka taho, Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garinsa a bakin kogi kudu da Sinnar wajen 1906. Masu aikin auduga kuwa yawancinsu bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 suka cika Jazira. Duk waɗannan dokar ta bar su a waje. Sai daga baya aka matso da ranar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta mai da ita 1 ga Janairun 1956. To a 1955, ana gab da samun 'yancin kai, ma'aikacin hukuma ya zo da takarda yana tambayar ƙabilarka, wane ne zai yi gaggawar cewa daga Kano kakansa ya zo? Wanda ya iya Larabci ya ba da sunan ƙabilar maƙwabta. Ga kuma waɗanda suka shigo bayan 1956, lissafinka bai sa su ba.

Ustaz_Sinja:
Gaskiya ne Baffa, amma akwai mai ja ta ɗaya ɓangaren. Iyalai da yawa da aka rubuta 'yan yamma a 1956 jikokinsu yau a Umdurman ba sa jin Hausa ko Fillanci, kuma ba za su rubuta kansu haka ba. Wasu sun wuce Hijaz, wasu sun koma Najeriya. Ba wanda ya auna wane ɓangare ya fi nauyi.

Ganis_Rusairis:
Wato dai mai cewa miliyan 10 ba shi da takarda, mai cewa miliyan 3 ma haka.

Shari_Mansur:
Gaisuwa daga Makka. Nan Saudiyya ma ba a tambayar ƙabila, ɗan ƙasa ne ko baƙo, shi ke nan. Bahaushe mai tabi'iyya (takardar ɗan ƙasa) yana cikin Saudawa, mai iƙama yana ƙarƙashin ƙasar fasfonsa. Abin da zan ƙara muku shi ne ko ƙasa mai kuɗi tana komawa ta gyara tsohon adadi. Ƙidayar 2010 ta ba da miliyan 27.1. Da aka yi ta 2022, wadda aka haɗa ta da rajistar hukuma da hotunan tauraron ɗan'adam, aka samu 32,175,224, Saudawa miliyan 18.8, baƙi miliyan 13.4, sai hukumar ƙididdiga ta koma baya ta ce adadin 2010 miliyan 24 ne. Wanda ya yi lissafin DanGadarif da 27.1 zai samu kashi 1.4 a shekara, wanda ya yi da 24 zai samu 2.4. Kullum a duba ko adadin na ranar sanarwa ne ko gyararre.

DanGadarif:
Madalla da wannan, Alhaji. Namu misalin shi ne Kurdufan ta Kudu. A 2008 an samu wajen miliyan 1.4, saboda yankunan da ke hannun SPLM, ƙungiyar da ke mulkin kudu a lokacin, sun ƙaurace. Aka sake a 2010 aka samu wajen miliyan 2.5. Har yau za ka ga jadawali biyu suna yawo, ɗaya da tsohon ɗaya da sabon. A Darfur ma sansanonin nazihin, wato waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, da yawa sun ƙi a ƙirga su.

Wani gwaji kuma da ke tona ƙari, ba ragi ba: ka gwada wilaya da babban garinta. Bahrul Ahmar ta tashi daga wajen 684,000 a 1993 zuwa miliyan 1.4 a 2008, ninki biyu. Bur Sudan kuwa, inda aiki da baƙi suke, daga 308,000 zuwa 395,000 kawai. Wato ƙauyuka da duwatsun da fari ya kora mutanensu su ne suka fi birnin tashar jirgi saurin cika? Ku tuna da wannan ƙidaya aka yanka mazaɓun zaɓen 2010, da ita kuma aka riƙa rabon kuɗi. Inda kujera ta rataya a kan adadi, sai a duba shi sau biyu.

Niyala daban ce. Daga wajen 60,000 a 1973 zuwa 112,000, zuwa 227,000, zuwa kusan 493,000 a 2008. Ninkawa uku a jere, kuma kowace tana da sanadin da aka sani: jirgin ƙasa, farin 1984 da 1985, sai yaƙin da ya ɓarke a 2003.

Ummu_Safiyya:
Khartum fa? Don ita ce ke haɗiye kowa.

Abu_Muhannad:
Garuruwan uku, Khartum da Umdurman da Bahri, a 1956 ba su kai 250,000 ba a haɗe, Umdurman ce babba da wajen 113,000. A 1973 wajen 784,000, 1983 miliyan 1.3, 1993 miliyan 2.9. Tsallen 1983 zuwa 1993 ya kusa kashi 8 a shekara, na fari ne da yaƙin kudu, lokacin da masu gudun hijira suka cika Muwailih da Mayo da Darus Salam a gefen birni. Wilayar Khartum a 2008 miliyan 5.27. Amma daga 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke, duk wannan ya zama tarihi. Ƙidaya ta shida tun 2018 ya kamata a yi ta, aka yi ta ɗagawa har yaƙi ya zo. In ban da sake ƙirgen Kurdufan ta Kudu na 2010, duk adadin gari da kuka gani na bayan 2008 hasashe ne da aka ɗora a kan saurin ƙaruwa, ba wanda ya bi gida.

Bamaiwurne77:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. In koma ga tambayata ta biyu, takardun kansu a ina ake samu?

Ustaz_Sinja:
Na kafin 1955, ka fara da rahotannin shekara-shekara na Gwamna Janar, Jami'ar Durham a Ingila ta sa su a intanet cikin taskarta ta Sudan. Ka riƙe cewa adadin ciki daga jerin haraji ne aka ninka, ba ƙidaya ba. Musamman maganar Turawan farko cewa jama'a sun faɗo daga miliyan 8 da rabi zuwa ƙasa da miliyan 2 a zamanin Mahadiyya, masana tarihi ba sa karɓar ta yadda take, ko da yake yunwar Sanat Sitta, ta shekarar 1306 Hijira, ta ci mutane ba kaɗan ba. Na 1955/56 an buga rahoton ƙarshe da rahotannin wucin gadi masu jadawalin omodiya-omodiya, a manyan ɗakunan karatu na jami'o'i ake samun su. Na 2008 ka nemi jadawalin da ya sauko zuwa mahalliya da wahda idariyya (gundumar da ke ƙarƙashin mahalliya), kada ka tsaya a na wilaya. Mai iya sarrafa bayanai a kwamfuta zai samu samfurin 2008 a IPUMS, taskar bayanan ƙidaya ta intanet, bayan ya yi rajista.

In kana neman garinku ka gwada rubutu fiye da ɗaya: Maiurno, Maiwurno, Mayerno, da na Larabci. Kowane adadi ka samu ka rubuta abu huɗu a gefensa: shekara da wata, na gari ne ko na wahda da ƙauyukanta, mazauni aka ƙirga ko wanda ya kwana, kuma gyararre ne ko na farko.

Malama_Hauwa_Madani:
A ƙara da littattafan da ba na ƙidaya ba, don cike shekarun da ke tsakani: rajistar shiga aji ɗaya a makarantun gari, littafin rigakafi na markaz sihhi (ƙaramin asibiti), da jerin gidajen da lajna sha'abiyya (kwamitin unguwa) ke rabon sukari da shi a shekarun 1990. Na sukarin a rage masa, don kowa ƙara kai yake yi a ciki. Na makaranta kuma 'yan mata sun yi kaɗan a shekarun baya, sai a ɗauki na maza a ninka biyu.

Ganis_Rusairis:
Ustaz, jadawalin wahda idariyya na 2008 ya raba Ganis da Rusairis ko a haɗe suke? Kuma hillolin da aka tayar lokacin ƙara tsawon madatsar Rusairis, wanda aka gama a 2013, da tsohon sunansu za a neme su ko da lambar sabon gari?

Ustaz_Sinja:
Da tsohon suna, tunda ƙidayar ta riga tashin. Sai ka samu jerin hillolin da aka zuba a kowane sabon gari, ka tara adadinsu na 2008, shi ne tushen da za ka gwada da duk wani ƙirge da aka yi daga baya. Na Ganis ka buɗe shafin mahalliyar Rusairis ka turo hotonsa nan mu duba tare.